Kwamfutar Dogo, Lamba Huɗu

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Littafin nan na sa hannun baƙi ne. Rabinsa fari aka jefar da shi, na tsince. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. Baƙaƙen nan a jikin fayil-fayil na tsinto su, ɗana Dogo ya harhaɗa mini. Wanda ya ga rubutun a karkace sai ya karkata kansa.

Shekara talatin da takwas ina riƙe da makullan ofishin nan na awon filaye. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni ke kai takarda. Baba Makulli suke ce mini. Maigidan da ya kafa wurin ya rasu bara, 'yarsa ta hau kujerarsa. Ma'aikata na ce mata Shugaba. Ni Auta nake ce mata, don ba sau ɗaya ta jiƙa mini kafaɗa tana jinjira ba.

Ranar Juma'a ta ce a fito da tsofaffin kwamfutocin da ke sito. Guda shida ne. Wai maimakon a sayi sababbi, za a wanke waɗannan a ba kowace sabon aiki. Mai gyaran zai zo jibi.

Ta huɗu a jeren ta Dogo ce. Muryarsa na ciki.

Talata, ƙarfe shida da kwata na safe

Na share, na goge, na buɗe taga. Na shiga sito na kunna ta kamar kullum.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don kaina. Dogo mai zanen taswira ne a ofishin nan. Wata rana aka kawo 'yar na'urar ɗaukar magana, yana gwada ta, ya kira ni. Abin da aka ɗauka bai kai minti ɗaya ba. Ya ɗiga mini farin fenti a kan maɓallai biyu, ya ce, "Baba, wannan, sannan wannan, sai ka ji kanka." Fentin na nan har yau, sai dai yatsana ya cinye rabinsa.

In ta kunnu hotonsa ne ke cika gilashin, yana tsaye a fili riƙe da sandar awo, sandar da shi kusan kai ɗaya. Sai in danna farin farko, in danna na biyu, maganar ta fito ta 'yan kunnuwan da ke manne a gefen gilashin. In na gama ji sai in bar hoton a kunne har a tashi. Maigida ya sani. Sau ɗaya mai karanta mita ya yi ƙorafi, Maigida ya ce, "Ku bar wa tsoho fitilarsa." Ba wanda ya sake magana.

Shekara tara ke nan. Sun tafi awo su uku. Motar ta dawo, Dogo bai dawo ba. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Uwarsa ba ta san da muryar ba. Ban faɗa mata ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Mai gyaran ya zo. Injiniya suke ce masa. Mutum ne ya ba hamsin baya, ga tumbi, ga tabarau ɗaure da zare, ga baki kamar an kunna rediyo. Sukurdireba uku a aljihun gaba. Ya shigo sito ya ce, "Baba, ashe gidan gajiyayyu kake gadi."

Na ce, "Gajiyayyun sun ci abincin ofishin nan kafin ka san hanyar zuwa."

Ya yi dariya, ya ɗauko tef ya lilliƙa wa akwatunan lamba, ɗaya zuwa shida. Na ce suna da sunayensu. Ta ɗaya Mai Tari, don haka take yi in an tayar da ita. Ta biyu Gurguwa, ƙafa uku gare ta, da murfin kwalba nake tokare ta. Ta uku Baƙa. Biyar da shida Tagwaye, rana ɗaya aka sauke su daga mota. Ya ce, "Ta huɗun fa?" Na ce ba ta da suna.

Ya tara mu a ɗakin zane, ni da Auta da Akawu da safiyo biyu. Ya ce Mai Tari za ta koma bakin ƙofa tana nuna abin da kyamara ke gani. Gurguwa za a haɗa ta da firinta, kowa ya buga takarda daga kujerarsa. Tagwaye za a yanka ɗaya a ciyar da ɗaya, wadda ta rayu ta riƙa ɗaukar hoton tsofaffin taswirori. Baƙa ta mutu. Ta huɗu ta fi su lafiya, ita ce za ta zama rumbun ofis, komai a cikinta za a zuba.

Sannan ya ce, "Manyan gilasan nan masu ƙaton ƙeya kuwa ba na so. Wuta suke sha kamar raƙumi. A ba mai gwangwani."

Akwatunan yake so, fuskokin zai zubar. Kuma a fuska Dogo yake. Da idona nake ganinsa a nan, da kunnena nake jinsa a nan. Akwatin da ke ƙarƙashin tebur ai inji ne kawai mai ba ta ƙarfi, kamar janareta da fitila.

Alhamis, tsakar rana

An sake kai matata, uwar Dogo, asibiti. Ƙanwarta ce ta raka ta. Sun dawo da takarda mai hatimi. Na ninke ta huɗu na sa ƙarƙashin katifa.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Da safe ina ba ta ruwa ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Malam, fuskar yaron nan tana nan, amma muryarsa ta gudu mini. Tun jiya nake kiran ta. Siririya ce ko mai kauri?"

Na ce mai kauri.

Ta ce, "Kai ma cewa kake yi kawai."

Na fita tsakar gida na tsaya wajen igiyar shanya. Shekara tara ina jin abin da ya fi zama nata. Da farko na ce in ta ji za ta koma zaman bakin ƙofa irin na shekarar farko, da ƙyar muka raba ta da wurin. Daga baya ban san me na ce ba. Wataƙila rowa ce. Mutum na iya rowar abin da ba ya ƙarewa.

Zan kawo mata.

Litinin, ƙarfe shida na safe

Na zo tun kafin kowa. Na ji shi sau biyu. Sannan na zare wayoyin da ke bayan fuskar, na kinkime ta na kai bayan tsohon kabad, na rufe da tamfol. Nauyinta ya fi yadda nake zato, bayana ya ba da amsa. A gurbinta na ɗora fuskar Baƙa. Ƙarya na yi da hannu, ba da baki ba.

Litinin, ƙarfe uku na yamma

Injiniya ya baje kayansa a teburin zane. Kafin ya taɓa komai ya tafa hannu ya ce, "Jama'a, ku saurara. Duk wanda ke da wani abu a cikin tsofaffin nan, takarda ko hoto ko waƙar budurwa, ya faɗa yanzu in kwashe masa. Daga yau ba kuka."

Akawu ya ce, "Duk aikin ofis an kwashe tun zamanin Maigida. Sai dai ko Baba Makulli na da wasiƙun soyayya."

Na ce, "Wasiƙun uwarka na ajiye, ita ma ba ta iya rubutu ba, dangwale ta yi."

Aka kwashe da dariya. Injiniya ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Baba, da gaske nake. Na ga lamba huɗu ba ƙura a jikinta. Akwai abin da kake so?"

Na ce babu.

Me zan ce? In tona cikina gaban Akawu, gobe ya kai wa mai shayi? Kuma nawa na bayan kabad a rufe. Ya ɗauki akwatin ya yi gaba da shi.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mai Tari ta hau sabon aiki. An ɗora ta a teburin bakin ƙofa da sabuwar fuska siririya kamar faranti. Ƙofar waje, wurin ajiye babura, bayan gida, duk ga su a gilashi ɗaya an raba huɗu. Na ga kaina a ciki ina tsaye. Ban san na ranƙwafa haka ba.

Akawu ya ce, "Baba, ka samu abokin gadi, kuma shi ba ya gyangyaɗi."

Na ce, "Ya san wanda ya zo da alheri da wanda ya zo leƙe? Ya san matar nan da ke zuwa duk wata kan filin mijinta, a ba ta kujera kafin ta tambaya?"

Mai Tari kuwa har yanzu tana tari, wannan dai bai iya cire mata ba.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Auta ta kira ni ofishinta. Ta ce, "Baba, yaya jikin Inna?" Na ce da sauƙi. Ta dube ni irin duban ubanta. Ta ce in ina son hutu in ɗauka. Na ce wa zai buɗe? Ta dubi jakarta, sai na gane akwai wani makullin a ciki tun tuni.

Ta ce tana so in koma ɗakin taswira. Ni kaɗai na san wane fayil ke wane kabad, wane ne ruwa ya ci, wane ne aka sake wa lamba shekarar da rufi ya zubo. In riƙa fito da su ɗaya-ɗaya ina shimfiɗawa a na'urar ɗaukar hoto, wadda ta rayu cikin Tagwaye ta haɗiye, ta aika rumbu.

Na ce, "In rumbun ya cika, ni kuma a ba mai gwangwani?"

Ta ce, "Haba Baba."

Da zan fita na ce akwai fuska ɗaya cikin tsofaffin nan da nake so. Na shirya faɗa, na tanadi magana tun daga gida. Sai ta ce, "Ɗauki mana, ko duka shidan." Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Abin da aka ba ka da sauƙi haka, ya kamata ka tsaya ka tambaya. Ban tsaya ba.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Yau aikin ƙarfi aka ba ni. Injiniya ya zaro wasu ƙarafa daga cikin akwatunan, kowane kamar tafin hannu, masu nauyi, ya sa sababbi a gurbinsu. Ya tara tsofaffin a kwali, kowane da lambarsa a tef. Akawu ya kawo mini kwalin da guduma. Ya ce Shugaba ta ce a farfasa su kafin mai gwangwani ya zo, kada su faɗa hannun wani.

Injiniya ya leƙo ya ce, "Baba, ka san mene ne waɗannan? Bari in nuna maka, a ciki akwai..."

Na ce, "Malam, ina fasa ƙarfe kana tsumman goyo. Je ka ga aikinka."

Ya ɗaga hannu biyu ya koma.

Na kai su bayan ofis kan dakalin siminti. Ɗaya, biyu, uku, kowane duka biyu. Na huɗu ya yi gardama, sai da na ba shi uku, na ukun da hannu biyu. Wani abu mai ƙyalli kamar madubi ya tarwatse daga ciki. Na share har ɓurɓushin, na zuba a buhu. Mai gwangwani ya zo da la'asar ya auna ya tafi da su, tare da fuskoki biyar.

Hannuna bai mutu ba tukuna. Na ji daɗin wannan.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kawo ta gida a baro, na lulluɓe da bargo saboda gargada. Mai kanti na tambaya ko talabijin na saya, na ce e. Ƙanwar matata ta share kan akwatin kaya, muka ɗora ta daidai inda mai kwance za ta gani.

Ta ce, "Mene ne wannan kuma ka kwaso?"

Na ce ki jira dai.

Na sa wayar a bango, na danna. Gilashin ya yi ƙara, ya yi haske. Wani ɗan rubutu da ba na harshenmu ba ya fito yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa. Na jira. Can ma wani lokaci tana daɗewa. Na jira har shayin da aka zuba mini ya huce.

Na ce gajiyar hanya ce. Na kashe.

Lahadi, da hantsi

Na gane. Faifan maɓallan na bari a ofis. Ba farin fenti, ina za ta san abin da nake nema?

Litinin, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na kawo maɓallan. Na juya fuskar, na duba baya, na duba ƙasa, na haska da tocila. Ba ramin da wayar za ta shiga. A ofis ina take shiga? Na zauna na rufe ido na bi wayar da tunani, daga tebur ta sauka, ta bi ƙafar tebur, ta shiga...

Ban ƙarasa ba. Na tashi na wanke ƙafa.

Talata, tsakar rana

Ba ta ci komai ba yau. Ruwa cokali huɗu.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Taswira sittin da ɗaya na shimfiɗa yau. Uku a ciki zanen Dogo ne, na san yadda yake ja wa kibiyar arewa wutsiya. Akwatinsa na kusurwar ɗakin a ƙasa, ba fuska, ba maɓallai, 'yar fitila shuɗiya na ƙiftawa. Duk takardar da na shimfiɗa sai ta ƙifta.

Injiniya na zuwa gobe ya ƙarasa. Sau uku na shirya yadda zan tambaye shi ba tare da na tambaya ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na same shi shi kaɗai yana naɗe waya. Na ce wani maƙwabcina ne ya sayi irin fuskar nan, ta ƙi nuna masa hoton da ke cikinta.

Ya ce, "Ai ba hoto a cikinta, Baba. Taga ce. In ka cire taga ka kai wani gida, za ka ga ɗakin da ka baro?"

Na ce to ina ɗakin?

Ya nuna akwati. Sannan ya ce, "Ba ma akwatin ba. Ɗan ƙarfen nan mai nauyi da ke ciki. Komai a nan yake kwana." Ya tsaya. Ya cire tabarau. Ya ce, "Baba, maƙwabcin nan naka, lamba huɗu ce ya saya?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Me ke ciki?"

Na faɗa masa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai ga shi na faɗa wa mai tumbi da sukurdireba, a tsaye, cikin abin da bai kai minti biyu ba. Ya zauna a kan kwali har kwalin ya lotse. Ya ce, "Na tambaye ka. Wallahi na tambaye ka sau biyu." Ba faɗa yake yi ba, kamar roƙona yake in ce bai tambaya ba.

Na ce ka tambaya.

Na ce in na samo mai gwangwani fa? Na san unguwar da yake kai kaya. Ya girgiza kai. Ya ce da gogewa aka yi, da akwai dabara. Da ruwa ne ya shiga, da akwai masu iyawa. Ya ce, "Na ga ɓurɓushin a kan dakali. Ka iya aiki, Baba."

Duka uku. Na ukun da hannu biyu.

Juma'a

Na share, na goge, na buɗe taga.

Asabar, da rana

Duk da haka na je wurin masu gwangwani. Tudun ƙarfe ya fi rufin ofishinmu tsawo. Mutumin ya gane ni, ya ce kayan ranar an loda su a babbar mota tun Talata. Ya ce me na yar, zobe? Na ce e, zobe. Ya ce Allah ya mayar da alheri.

Na dawo a ƙasa. Ban san nisan ya kai haka ba.

Lahadi, da yamma

Ta tambaya yaushe talabijin ɗin zai huta da gajiyar hanya. Har ta ɗan yi murmushi. Ban faɗa mata ba.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Akawu ya ajiye mini shayi a ɗakin taswira ya fita. Shekara ashirin bai taɓa ba. To, labari ya zaga ke nan. Auta ta shigo ta tsaya a bayana ta daɗe. Ta ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba? Minti biyar ne aikin, da an sa maka a waya."

Na ce, "Fayil na gaba ɗari biyu da sha bakwai ne, amma a kabad na tara yake, ba na huɗu ba."

Ta fita. Ban kyauta mata ba. Ba laifinta, ba laifin Injiniya, ba laifin guduma. Na nemi wanda zan ɗora wa na rasa. Da can ina cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau tsani ba zai gani ba. Ban taɓa tambayar abin da babba ke kallo shekara tara bai gani ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ina gida yau, ƙanwarta ta ce kada in fita. Wajen la'asar aka yi sallama. Injiniya ne a kan babur, Akawu ya kwatanta masa gidan. Ya zo da ledar lemo. Ya durƙusa ya gaida mai jiki, bakin nan nasa duk ya mutu. Ya ce ya zo ne ya ga ko 'yan kunnuwan gefen za su yi amfani, ya haɗa mata su da rediyo.

Ya je gaban fuskar yana taɓa waya. A kashe take. Rana ta sauko ta shigo ta taga ta bugi gilashin a kaikaice. Sai ya tsaya. Ya matsa hagu, ya matsa dama, ya tsuguna.

Ya ce, "Baba, shekara nawa kana barin ta a kunne kan hoto ɗaya?"

Na ce tara.

"Kullum?"

"Ban da Lahadi."

Ya ce, "Zo ka tsaya nan. Kada ka kunna. Dubi ta gefe."

Na duba. Da farko ƙura na gani. Sannan na ga wani duhu-duhu a cikin gilashin kansa, kamar tabon da hoto ke bari a bango in an cire shi. Kai. Kafaɗa. Wani dogon layi a tsaye gefe ɗaya.

Ya ce irin tsofaffin nan haka suke, in abu ɗaya ya daɗe a kansu sai ya ƙone a jiki, ba ya fita. Masu gyara na ɗaukarsa lalacewa. Ya ce, "Ashe ba duka ka yi kuskure ba." Na ce kada ya lallashe ni, ni ba yaro ba ne. Ya ce to.

Ba ido, ba baki. Inuwa ce kawai.

Muka tayar da ita zaune, ni da ƙanwarta, muka juyo gilashin har hasken ya faɗa daidai. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Kafaɗar hagun ta fi sauka. Tun yana goye haka yake."

Injiniya ya fita tsakar gida, wai zai duba babur.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Jiya bayan ya tafi na faɗa mata. Duka. Muryar, shekara tara, tamfol, guduma. Na sa rai za ta juya mini baya. Ta rufe ido kawai. Can ta ce, "Me ya ce?"

Na ce ba zan iya irin muryarsa ba.

Ta ce, "Na tambaye ka murya? Me ya ce?"

Ga shi, yadda yake, ban ƙara ban rage ba. Na ji shi fiye da sau dubu biyu.

Yana cewa: "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Baba, matso, ba ya cizo. Faɗi wani abu." Sai ni in ce: "Me zan ce wa ƙarfe?" Sai ya ce: "Ce masa ina kwana." Sai in ce: "Ƙarfe ya fara gaishe ni, na girme shi." Sai ya yi dariya, har kujera ta yi ƙara. Sai ya ce: "To ni zan yi. Inna, in kin ji wannan, laimarki da kike ta nema, Baba ne ya bar ta a motar haya. Ya ce kada in faɗa." Sai in ce: "Kai, kashe abin nan!" Shi ke nan.

Sannan kafaɗunta suka fara motsi, na zaci tari ne, na miƙa hannu wajen kofi. Dariya ce. Ba ta da ƙarfinta, amma ita ce.

Ta ce, "Baƙar laimata mai kan katako. Ka ce mini maƙwabciya ce ta ara."

Na ce haka na ce.

Ta ce, "Tsohon maƙaryaci." Ta huta. Ta ce, "Wajen dariyar ba haka yake yi ba. Yana jan iska ta hanci tukuna." Ta gwada. Wallahi shi ne. Ashe tana nan wurinta, ba inda ta gudu.

Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake.

Asabar, da la'asar

Sau huɗu yau. In na zo wajen dariya sai in tsaya, ita ta yi.

Litinin, da la'asar

Sau biyu. Na tsaya a wajen dariyar, ta motsa hanci kawai.

Talata

Auta ta aiko da mota, muka kai mai jiki asibiti.

Laraba

Ba a bari a shiga da kaya ɗakin da aka sa ta. Na tambaya.

Lahadi

Mutane da yawa, 'yan ta'aziyya. An ara kujeru daga ofis. Akawu ne ya jera su.

Litinin ta sama, ƙarfe biyar na yamma

Na koma aiki. Auta ta ce ya yi wuri, na ce fayil ɗari uku da shida ba zai fito da kansa ba. Na share, na goge, na buɗe taga. Na goge akwatin da ke kusurwa shi ma, fitilarsa na ta ƙiftawa. Injiniya ya ce a bar masa sarari ta baya ya sha iska, na ja shi taki ɗaya daga bango.

Ƙanwarta ta koma gidanta jiya. Ta ninke katifar kafin ta tafi, ta miƙo mini takardar asibitin da ta samu a ƙasa. Na mayar inda take.

Yanzu rana ta sauko ta taga. Tana ba ni kamar minti ashirin kafin ta wuce bayan katangar maƙwabta. Na goge gilashin da busasshen tsumma, na ja kujera gefe inda ake gani.

Ba wanda ya ce in sake faɗa. Na faɗa. Da na zo wajen dariyar na tsaya na jira.